Tallafin gyaran gida a Ingila: Doka ta ce wata shida, amma yaushe ake fara ƙirga?

Dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka sallame shi daga asibiti ya koma gidansa mai bene a Ingila, matakala ce matsalarsa ta farko. Banɗaki yana sama, shi yana ƙasa. Sai ya riƙa kwana a falo, iyalinsa suna goge masa jiki da ruwa a roba.

Saboda irin waɗannan mutane ne aka samar da tallafin da ake kira Disabled Facilities Grant, wanda ƙananan hukumomi ke bayarwa a ƙarƙashin wata doka ta 1996. Da kuɗin ake sa kujerar lantarki mai hawa bene, a faɗaɗa ƙofa don keken guragu ya shige, ko a gina wurin wanka marar tudu. Ana duba samun babban mutum kafin a ba shi, amma idan yaro ne mai buƙatar, ba a duba aljihun iyayensa.

A takarda tsarin yana da kyau, domin doka ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta yanke hukunci cikin wata shida. Sai dai wata shidan ba ya fara tafiya sai ranar da aka miƙa cikakkiyar takardar neman tallafi. Kafin a kai ga wannan rana, yawanci sai jami'in lafiya mai tantance buƙatun naƙasassu ya zo ya duba gidan, a zana aikin, sannan a karɓo farashi daga 'yan kwangila. Jami'an nan ba su da yawa, layin masu jiran su kuwa dogo ne. Duk watannin da mutum ya kwashe a wannan layi ba sa shiga lissafin doka. Don haka hukuma na iya cewa ta cika ƙa'ida, alhali mai buƙatar ya daɗe yana jiran gawon shanu.

Matsala ta biyu ita ce kuɗin. Iyakar abin da ake bayarwa a Ingila fam 30,000 ne, kuma adadin yana nan yadda yake tun 2008. A Wales fam 36,000 ne. Farashin bulo da katako da ladan magina duk sun tashi a tsawon waɗannan shekaru. Ƙaramin aiki yana shiga cikin kuɗin, amma wanda yake buƙatar a gina masa ɗaki da banɗaki a ƙasa, sau da yawa sai ya nemo ciko. Wasu ƙananan hukumomi suna cikawa daga asusunsu, wasu ba sa yi. Ke nan sa'ar mutum ta dogara da garin da yake zaune.

Hukumomin suna da uzuri, domin kasafinsu ya matse kuma tsofaffi sai ƙaruwa suke yi. Amma jinkirin ma kuɗi yake ci. Tsohuwar da ta zame a kwamin wanka ta karye a ƙugu za ta koma gadon asibiti, wataƙila daga nan a wuce da ita gidan kula da tsofaffi, kuma baitulmali ne zai ɗauki kaso mai yawa na ɗawainiyar. Rigakafi dai ya fi magani.

Gyaran da ake buƙata a fili yake. A fara ƙirga lokaci daga ranar da mutum ya fara kai kukansa, kuma kowace ƙaramar hukuma ta riƙa wallafa tsawon jiran da ake yi a yankinta. A ɗaga iyakar fam 30,000 ta riƙa tafiya da tsadar kayan gini. Ayyuka masu sauƙi kuwa a bar ƙananan ma'aikatan da aka horar su tantance su, ƙwararru su ji da masu wuya. Idan aka yi haka, dattijon da ke kwana a falo zai koma ɗakinsa tun yana da sauran ƙarfin cin moriyar gyaran.