Ra'ayinmu: Katin Allurar Maniyyaci

A kowace shekara, da zarar an sauko daga ƙaramar salla, hankalin gidaje da yawa a ƙasar nan yakan koma kan shirin maniyyata. Ana ɗinke-ɗinke, ana sallamar dangi, ana neman gafarar maƙwabta, ana lissafin guzuri da tsarabar da za a komo da ita. A cikin wannan hidima duka akwai wata 'yar takarda ruwan ɗorawa wadda ake cusawa cikin fasfo ba tare da an ko buɗe ta ba, watau katin shaidar allurar rigakafi. A kanta muke so mu yi magana da 'yan'uwanmu ɗalibai a wannan fitowa, domin mu ne 'ya'ya da jikokin maniyyatan nan, mu ake miƙa wa duk takardar da aka rubuta da boko a ce mu karanta, kuma sau da yawa mu ake aika ofis mu karɓo.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akwai masu samun katin nan da hatimi da sa hannu, alhali kuwa allura ba ta taɓa fatarsu ba. Wani tsoron allura yake ji, wani ya ji jita-jita a majalisa, wani kuma ya ɗauka wata ƙa'ida ce ta ma'aikata wadda mai wayo ke tsallakewa. Mu a ganinmu wannan ha'inci ne, kuma ba ma'aikacin filin jirgin Jidda kaɗai aka ha'inta ba. An ha'inci wanda za a haɗa kafaɗa da shi wajen ɗawafi, da wanda za a kwana tanti ɗaya da shi a Muna, da jaririn da za a ɗauka a gida ranar da aka dawo.

Dalilin wannan magana yana cikin tarihi. A shekarar 1865 annobar kwalara ta faɗa wa mahajjata a Makka ta kashe dubbai. Waɗanda suka tsira suka shiga jiragen ruwa da cutar a cikinsu, ta sauka Masar, daga can ta ƙetara Turai. Abin ya girgiza duniya har aka yi taron ƙasashe a Istambul a 1866, daga baya kuma aka kafa wuraren killace mahajjata a tsibirin Kamaran da ke Bahar Maliya da kuma Ɗur a yankin Sina'i. Kakanninmu da suka bi ta ƙasa, ta Chadi da Darfur, waɗanda wasunsu suka shekara da shekaru a hanya, sun san irin wannan zama a Sawakin, inda ake tsare su a duba lafiyarsu kafin a bar su su hau jirgi. Su kam sun jure, ba mu ji an ce hajjinsu ya ragu ba.

Amma cutar da ta fi shafarmu kai tsaye ita ce sanƙarau, kuma a nan ya kamata mai karatu ya ɗan natsu. Ƙwayar da ke kawo sanƙarau tana iya zama a maƙogwaron mutum ƙalau, yana ci yana sha yana harkokinsa, ba zazzaɓi ba ciwon kai. Ta tari da atishawa da cunkoso take ƙaura daga wannan zuwa wancan, har ta sami wanda jikinsa bai iya da ita ba, ta shiga jini, ta kama rufin ƙwaƙwalwa. Mai irin wannan rashin sa'a yana iya wayar gari lafiya, gobe war haka an kai shi makwancinsa. Wanda ya tashi kuwa yana iya tashi da kurumta ko wata naƙasa. To, a duba wurin da mutum kusan miliyan 2 daga kowace kusurwa ta duniya suke kwana da tashi a 'yan kwanaki, a cikin tantuna da motoci da masallatai. Ina wurin da ya fi wannan daɗi ga irin wannan ƙwaya?

A Hajjin 1987 sanƙarau nau'in A ya ɓarke a tsakanin mahajjata. Alhazai suka koma da shi ƙasashensu, kuma masu bincike sun bi sawun wannan iri har Chadi da Sudan a 1988, da Habasha. Danginsa ne ya afka wa arewacin Nijeriya a 1996, ya kama fiye da mutum 100,000, ya kashe fiye da 11,000. Iyayenmu na Kano da Katsina da Bauci ba su manta da wannan bazara ba. A wannan shekara hukumomin Saudiyya suka hana maniyyatan Nijeriya shiga ƙasarsu. Mutane sun sai da shanu da gonaki, sun biya kuɗin kujera, sun yi bankwana, sai ga shi sun yi babbar salla a gida. Da yawa daga cikin dattawan nan Allah bai sake nufinsu da tafiya ba.

Bayan abin da ya faru a 1987 ne aka wajabta wa kowane mahajjaci allurar sanƙarau. Sai kuma a 2000 da 2001 wani nau'in da allurar wancan lokaci ba ta karewa, wanda ake kira W135, ya bayyana a Hajji, ya bi alhazai har Ingila da Faransa, ya kama har da iyalansu da ba su je ko'ina ba. A 2002 wannan nau'i ya ɓarke a Burkina Faso, ya kama fiye da mutum 12,000. Wannan ya sa aka koma ga allurar da ta haɗa nau'i 4, watau A da C da W da Y, kuma aka ce lalle a yi ta aƙalla kwana 10 kafin a isa Saudiyya. Kwana goman nan ba son rai ba ne. Shi ne lokacin da jiki ke bukata ya gina garkuwarsa. Wanda aka yi wa allura a sansanin alhazai ana gobe tashi, aka kuma mai da kwanan watan baya a kan katinsa, ya sha zafin allura, amma zai sauka Madina kusan kamar wanda ba a yi wa ba.

Haka labarin shan inna yake, sai dai a wannan karon mu ne muka fitar. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafi a wasu jihohin Arewa, ba a koma yi a Kano ba sai a 2004. Kafin ƙarshen 2005 an ga irin ƙwayar tamu a Sudan da Saudiyya da Yaman, har Indunusiya. Sakamakon haka aka wayi gari ana tare dattijo mai furfura daga Nijeriya a filin jirgi a ɗiga masa maganin da aka saba ɗiga wa jarirai. Sai a ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Shawara kuwa, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa bisa ƙa'idar da ta fara aiki a 2016. Abin mamaki ne a ce mutum ya gwammace ya sayi ƙarya a kan abin da sau ɗaya tak za a yi masa.

Mun san abin da wasu za su ce: wanda ya tafi Ɗakin Allah, Allah ne mai tsaronsa, kuma mutuwa a can ai dace ce. Babu mai musun cewa rai da ajali a hannun Allah suke. Amma addinin da ya wajabta Hajji shi ne ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, bai kuwa ga hakan ya saɓa wa tawakkali ba. Mutum yana iya fatan cikawa a ƙasa mai tsarki, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya yanke wa ɗan wani wannan hukunci. A 2020 da 2021, saboda annobar korona, babu wanda ya je Hajji daga wajen Saudiyya, malaman duniya kuma suka karɓi haka.

Akwai kuma wata ƙaryar da ta fi ta kati yawa, ita ce wadda ake yi wa likita ranar gwajin lafiya. Mai hawan jini ya sha magani da asuba don awo ya yi kyau, mai ciwon sukari ya ce shi bai taɓa jin komai ba, mai juna biyu ta ɓoye cikinta. Ana yin haka ne don tsoron a rasa kujerar da aka daɗe ana tara wa kuɗi, kuma wannan tsoro abin tausayi ne. Amma aikin Hajji aikin ƙarfi ne. Sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita 3, ga ɗawafi, ga tafiyar jifa kwana da kwanaki, ga rashin barci. Samun iko, wanda shi ne sharaɗin wajabcin Hajji, ya haɗa da lafiyar jiki kamar yadda ya haɗa da guzuri. Likitan da ya san gaskiya sau da yawa ba hana mutum zai yi ba. Zai daidaita masa magani, ya rubuta masa takardar da za ta yi magana a madadinsa ranar da ya faɗi a inda ba a jin Hausa.

Sai zafin rana, wanda babu allurarsa. A Hajjin 2024, da ya faɗo a watan Yuni, zafi a Makka ya kai digiri 51.8, kuma hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301. Kashi 83 cikin 100 na mamatan waɗanda ba su da izinin Hajji ne, watau ba su da tanti mai sanyi, ba su da mota, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin rana. Wannan ya isa gargaɗi ga masu shiga da bizar ziyara su laɓe har lokacin Arfa. Mutanenmu suna da wani ruɗi, wai mu 'yan ƙasar zafi ne, wanda ya sha ranar Sakkwato ko ta Maiduguri me za a nuna masa? An manta cewa a gida manomi yakan sauka inuwa idan rana ta take, ba ya kuma yini a tsakiyar dubban mutane a kan kwalta. Mafi muni shi ne dabarar da tsofaffi ke yi ta ƙin shan ruwa don gudun layin bayan gida. Jiri da kasala da ciwon kai su ne sallama. Idan magana ta soma rikicewa, jiki ya yi zafi rau, to sai a kai inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a nemi asibiti nan take. Laima kuwa malamai da yawa sun bayyana cewa ba ta cikin rufe kan da aka hana mai harami.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma a faɗa. Ranar aski kada a yarda da rezar da ta taɓa kan wani, domin ta nan ciwon hanta da ƙanjamau ke bi. Akwai wanzamai masu lasisi da ke buɗe sabuwa a gaban mutum. A nisanci raƙuma da ɗanyen nononsu saboda cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012. Abincin da ya yini a tanti a zubar, ko da rai na so. Takunkumin hanci a wurin cunkoso ba abin kunya ba ne.

Yanzu ina namu aikin? Ɗalibin da aka aika ya karɓo kati, ya tafi da mai katin ƙafa da ƙafa, ya ga an yi allurar, ya karanta kwanan watan da aka rubuta. Idan wani ya ce a kawo abin goro a huta da wahala, a ce masa a'a, ko da Baba zai yi fushi na yini ɗaya. A zauna da Hajiya a ƙirga magungunanta, a tabbata za su kai ta har dawowa da rara, a bar su cikin kwalayensu na asali, a sa su a jakar hannu, a rubuta mata sunayensu da lokutan sha da ajami idan shi take karantawa. Muna kuma kira ga 'yan'uwanmu masu karatun likita da aikin jinya da harhaɗa magunguna su nemi izinin hukumomin alhazai na jihohinsu su riƙa halartar bitar maniyyata lokacin hutu. A wurin bita ana koyar da niyya da ɗawafi da jifa dalla-dalla, amma maganar lafiya takan zo a gurguje ana shirin tashi, wani lokaci ma da Turancin da ba kowa ke ji ba. Ɗalibi ɗaya mai iya bayani da Hausa tsantsa zai yi amfani ƙwarai a wannan zama.

Ranar dawowa ma da sauran aiki. Gida zai cika da 'yan barka da sauka, kowa na son musafaha da kurɓin Zamzam, ana ta miƙa wa Alhaji jarirai ya sa musu albarka. Idan ya dawo da tarin nan da aka san alhazai da shi, a ɗan jinkirta miƙa masa yara, a kuma ware wa masu shan Zamzam kofuna. Idan kuwa cikin mako 2 da saukarsa shi ko wani na gidan ya kamu da zazzaɓi mai zafi, ko wuya ya sanƙare, ko numfashi ya yi wuya, a kai shi asibiti a ranar, kuma kalmar farko da za a gaya wa likita ita ce daga Makka aka dawo.