Masu Hutu da Masu Ci-rani

Nijar ba ta da teku, amma kowace shekara ƴaƴanta kashi biyu ne ke sauka gaɓarsa. Kashi na farko samarin karkarar Magariya da Dungas ne, na Wacha, Bande, Malawa da Dogo-Dogo, waɗanda da zarar an ɗaure damman hatsi sai su tsallaka iyaka ta Babura ko Daura, su nufi Legas ko Abijan ci-rani. Kashi na biyu kuwa manyan ma'aikata ne da attajirai, waɗanda ke hawa jirgin sama da iyalansu a tsakiyar damina, su tafi Lome ko Gran Basam shan iska. Na farko gadi suke yi a can, da dako, da tallar ruwa, da gasa tsire. Na biyu su ake yi wa hidima.

Ba hutun muke zargi ba, wanda ya yi aiki ya cancanci ya huta. Abin da ya dame mu shi ne raini. Tambayi ƴan ci-rani, za su gaya maka yadda babban mutum kan ji Hausar Damagaram a bakin mai gadin otel, ya kau da kai, ya mayar da zance cikin Faransanci, don kada abokan zamansa su gane cewa shi da wannan bawan Allah gari ɗaya suka fito.

Wannan hali yana da tushe. Gran Basam, wadda Faransawa suka mayar hedkwatar mulkinsu a Kodibuwa a 1893, an tsara ta ne unguwar Turawa daban, ta ƴan ƙasa daban. Turawan mulki sun tafi, tsarin ya zauna, masu gidan kawai aka sauya. A Legas, a watan Yuli na 1990, gwamnatin soja ta rushe unguwar Maroko, ta kori mutane wajen 300,000, daga baya filin ya zama mazaunin masu hannu da shuni. A Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna Tarkwa Bay. Darasin ɗaya ne: ana son guminka a bakin teku, ba a son ganin bukkarka.

To, mu da ba mu da teku, ina namu uzurin? Ya kamata mai ƙyamar baƙauye ya tuna da kuɗin da suka gina ofishinsa. Kafin a fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, gyaɗa ce kan gaba cikin abin da Nijar ke sayarwa waje, kuma ƙasar Magariya na cikin manyan rumbunanta. Kamfanin SONARA, da aka kafa a 1962, gyaɗar manomi yake saye. Da wannan gyaɗa da harajin talaka aka biya albashi, aka tura ɗalibai Dakar da Faransa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A duba kuma lokacin da ake tafiya hutun. Babban hutun da muka gada daga Faransa yana faɗowa ne daidai sa'ad da rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi ƙamari. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara kusan 10 ke mutuwa kowace rana a asibitin Magariya. Wata guda, ƙasa guda: wasu na neman inuwa a bakin ruwa, wasu na neman gado a asibiti.

Taron ƙasa na 1991 ya yi alkawarin daidaito tsakanin ƴan ƙasa. Kundin da aka zartar a Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma takarda ba ta warkar da girman kai. Muddin manomi zai shiga ofis ya tuɓe takalmi, a amsa masa da harshen da ba ya ji, to, mulkin mallaka bai gama fita daga zukatanmu ba.

Don haka muke kira. Duk ɗan yankin nan da Allah ya ɗaukaka ya ware ko da mako guda cikin hutunsa na Agusta ya zo gida, ya ga gona da ɗakin shan magani da idonsa. A karɓi talaka a ofis da harshensa. Ofisoshin jakadancinmu a ƙasashen gaɓar teku su ɗauki ɗan ci-rani a matsayin ɗan ƙasa mai cikakken haƙƙi, domin kuɗin da yake aikowa ne ke sayen hatsi a gidaje da dama kafin kaka. Wanda ya raina shi, ya raina tukunyar da ta ciyar da shi.