Aikin jinya ko ilmin abinci: Ina ya kamata 'ya'yan zango su dosa?

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar kammala sakandare ya fito, magana ɗaya ce ke yawo a gidajenmu daga Nima da Mamobi har zuwa Aboabo da Asawase: a nema wa yarinya fom ɗin makarantar nas. Iyaye ba su yi laifi ba, domin shekaru da dama wannan ita ce hanya mafi kusa ga ɗan talaka, wato karatun shekara biyu ko uku, ga alawus, kana ga aikin gwamnati na jira. Sai dai abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna cewa wannan lissafi ya fara sauyawa, kuma ya kamata mu zauna mu sake shi tun kafin a sayar da kadara a biya kuɗin makaranta.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2017 ne gwamnatin Nana Akufo-Addo ta maido da alawus ɗin sidi 400 a wata ga ɗaliban jinya, bayan gwamnatin da ta gabace ta ta soke shi. Makarantun gwamnati da masu zaman kansu suka ci gaba da yaye ɗalibai dubbai a kowace shekara. To amma kammala karatu da cin jarrabawar lasisi da yin shekara guda ta bautar ƙasa ba su ne ke ba mutum aiki ba. Sai Ma'aikatar Kuɗi ta amince cewa akwai albashin da za a biya, sannan Ma'aikatar Lafiya ta tura mutum wurin aiki. A nan gizo ke saƙar. Tattalin arzikin ƙasa ya shiga mawuyacin hali a 2022, har ta kai gwamnati ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje, kuma a watan Mayun 2023 ta karɓi rancen dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ya zo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. A 2025 Ministan Lafiya, Kwabena Mintah Akandoh, ya bayyana cewa ma'aikatan lafiya sama da 70,000 ne suka gama karatu suna zaune a gida. Waɗanda ke bakin aiki ma ba su tsira ba, don kuwa a watan Yunin 2025 ƙungiyar nas-nas da unguwarzoma ta tafi yajin aiki kan ƙin aiwatar da yarjejeniyar da aka cimma da ita a 2024.

Wasu kan ce ai idan gida ya ƙi, waje na nan. Gaskiya ne Gana ta tura nas-nas 95 zuwa Barbados a 2020, wasu da yawa kuma sun tafi Ingila da ƙafarsu. Amma ƙasashen waje cikakkun nas masu difloma ko digiri suke nema, mai satifiket na mataimakin nas ba ya cikin lissafinsu. Bugu da ƙari, a watan Yulin 2025 Birtaniya ta daina ba da bizar ɗauko masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, wadda ita ce ƙofar da masu ƙaramar takarda ke bi. Saboda haka duk dillalin da ya zo da alƙawarin irin wannan biza a yau, kuɗinka yake so.

A gefe guda kuma akwai wani fanni da ba kasafai ake ambatonsa a zango ba, shi ne ilmin abinci mai gina jiki, alhali kuwa tarihinsa a ƙasar nan ya yi tsawo. A asibitin yara na Princess Marie Louise da ke Ankara ne Dokta Cicely Williams ta yi nazarin cutar da ta bayyana wa duniya a 1933, daga baya ta kira ta kwashoko, sunan da ta aro daga harshen Ga. Ma'anarsa ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane tun bai yi ƙwari ba, wato dai abin da iyayenmu mata ke gudu idan suna maganar kwanika. Yau fiye da shekara 90 ke nan, amma aikin bai ƙare ba. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2022 ya gano cewa kusan yaro ɗaya cikin shida 'yan ƙasa da shekara biyar ya tsumbure, kusan rabin ƙananan yara na fama da ƙarancin jini, sannan rabin matan da ke tsakanin shekara 20 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Ke nan tamowa da ƙiba na zaune a gida ɗaya, ga hawan jini da ciwon suga na biye da su.

Wa ya fi ɗan zango dacewa da wannan aiki? Matan zango ne ke ciyar da biranen ƙasar nan da koko da ƙosai da wake da shinkafa da tuwo da fura. Tsohuwar da likita ya ce ta rage suga da gishiri ba ta bukatar takardar Turanci mai lissafa abincin da ba ta taɓa gani ba. Tana bukatar wanda zai gaya mata da harshenta ludayi nawa na koko za ta sha, malmalar tuwo nawa ta ishe ta, da yadda za ta yi da maganinta idan azumi ya zo. A 2023 aka ƙaddamar da jagoran cin abinci na ƙasa, aka kuma ɗora harajin kashi 20 cikin 100 kan lemuka masu zaƙi, amma doka da takarda ba sa shiga madafa sai da mutum.

Fannin ya kasu biyu. Akwai mai tsara wa marasa lafiya abinci a asibiti, akwai kuma jami'in da ke aiki cikin al'umma, wajen awon yara da makarantu da ƙauyuka. Ana karanta su a Jami'ar Gana da ta Kwame Nkrumah a Kumasi da Jami'ar Nazarin Ci Gaba a Tamale da Jami'ar Kiwon Lafiya da ke Ho, sai Kwalejin Lafiya ta Kintampo ga mai son farawa daga difloma. Dukkansu ba a yin aiki sai da lasisin hukumar da dokar 2013 ta kafa don sa ido kan irin waɗannan sana'o'in lafiya.

Kada kuma a ɗauka cewa nan ba a jira. Cikin dubban da ke zaune a gida har da waɗanda suka karanta ilmin abinci, kuma guraben da gwamnati ke ware musu ba su kai na nas-nas ba. Bambancin kawai shi ne mai wannan ilmi yana da wasu ƙofofin ban da ta gwamnati: asibitoci masu zaman kansu, kamfanonin sarrafa abinci, ƙungiyoyin agaji da ke aiki a arewacin ƙasa, makarantun kwana, ko ma sana'ar kansa. 'Yar mai wake da ta san awon gishiri da mai da tsaftar abinci tana iya ɗaga sana'ar uwarta zuwa inda ba a zata ba.

Abin da ya rage ga iyaye shi ne bincike kafin biyan kuɗi. A tabbatar hukumar kula da manyan makarantu ta amince da makarantar, kuma hukumar ba da lasisi ta san da kwas ɗin, domin takardar da ba ta kai mutum ga lasisi ba ado ce kawai. A tambayi waɗanda suka gama shekara uku da suka wuce inda suke a yanzu. A kuma tsaya wa yara kan Turanci da lissafi da kimiyya tun daga ajin farko na sakandare, saboda rashin kiredit a waɗannan darussa shi ke tilasta wa da yawa daga 'ya'yanmu tsayawa a satifiket. Wanda ya riga ya shiga ta nan kuwa, kada ya ɗauke ta masauki, ya nemi ƙarin karatu zuwa difloma ko digiri.

Su ma sarakunan zango da 'yan majalisarmu da Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da dokar 2017, suna da rawar takawa wajen ware tallafin karatu ga wannan fanni da matsa wa gwamnati lamba ta fitar da jadawalin ɗaukar ma'aikata a fili, kowa ya san layinsa. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin yawancin cututtukan da ke kwantar da iyayenmu a tukunya yake farawa. Allah Ya sa mu dace.