A Tura Yara Su Karanta Ilmin Gini, Amma Su Taɓa Siminti da Hannunsu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan'uwana talakawa, musamman iyayen yara na karkara da ƙananan 'yan kasuwa irina, a kan wani fannin karatu da muka yi wa riƙon sakainar kashi, wato ilmin gini da tafiyar da aikin gini a jami'a.

Ni dai mai sayar da siminti da rodi ne, saboda haka duk lokacin da aka ce bene ya rufta sai gabana ya faɗi. A shekarar 2014 wani masaukin baƙi na coci ya rushe a Legas, mutum fiye da 100 suka rasu. Ran 1 ga Nuwamba, 2021 bene mai hawa 21 ya zube a Ikoyi, ya kashe mutum fiye da 40. A watan Agustan 2022 wani bene da ake ginawa a titin Beirut cikin Kano ya faɗo a kan jama'a. Sannan ran 12 ga Yuli, 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ana tsakiyar karatu, aka rasa rai 22, yawancinsu yara 'yan makaranta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri.

To, jama'a, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gini ba ya faɗuwa haka kawai. Ko dai an rage siminti, ko an sa siririn rodi a inda ake son kakkaura, ko an ɗora hawa a kan fandishon da ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyi ba, ko an cire katakon dekin tun kankare bai ƙosa ba. Masana sun ce kankare sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda. Kwaɓin da aka saba don ginshiƙin ƙaramin gida shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Amma da farashin buhu ya haura naira 10,000 a wasu wurare a farkon 2024, mutane nawa ne suka tsaya a kan wannan awo? Mai gida yana son araha, ɗan kwangila yana son riba, lebura kuma abin da aka ce ya zuba shi zai zuba. Wanda ya kamata ya tsaya a tsakani ya ce “a'a”, shi ne babu.

Wannan mutum kuwa akwai makarantarsa. Akwai sashen koyar da ilmin gini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Jos, da jami'ar fasaha ta Minna, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi. Karatun shekara 5 ne. Yaron da ke son shiga sai ya zama yana da Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri a jarrabawarsa ta gama sakandare da ta JAMB. Wanda bai samu jami'a kai tsaye ba yana iya farawa da difloma a kwalejin fasaha, kamar ta Kaduna, daga baya ya haye.

Mutanenmu da yawa ba su bambanta ma'aikatan gini. Duk wanda ya sa hular kwano sai a ce masa injiniya. Alhali mai zanen gini daban, shi ke fitar da fulan. Injiniya daban, shi ke lissafin nauyi da yawan rodin da ginshiƙi zai ci. Mai ƙididdigar kaya daban, shi ke faɗin abin da za a kashe. Shi kuwa magini mai digiri, aikinsa shi ne ya mayar da takarda ta zama gini: ya tsara wane aiki ne gaba da wane, ya duba ingancin kayan da aka kawo, ya raba wa birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi aiki, ya kula da lafiyar leburori, ya ga an gama a kan lokaci ba tare da kuɗi sun zurare ba. Tun 1989 gwamnati ta kafa hukumar yi wa magina rajista, wadda ake kira CORBON, kuma a 2006 aka fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. Doka dai akwai ta, bin ta ne ya gagara.

Na san wani zai ce, “Kai malam, kakanninmu sun yi gini da tubali da azara ba su da digiri.” Gaskiya ne. Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 bai shiga jami'a ba. Amma fa magina na da sukan shekara da shekaru a ƙarƙashin Sarkin Magina suna koyo, sun san iyakar tazarar da azara za ta ɗauka. Kuma ginin ƙasa idan zai ba da matsala yakan nuna alama, a yi masa yaɓe. Shi kankare kuwa yana ɓoye cutarsa a ciki, filasta da fenti su rufe, sai ranar da Allah ya yi a ji rugum. Abin da ido ba ya gani sai lissafi da gwaji.

Sai dai zan faɗa wa ɗalibai gaskiya komai ɗacinta. Kwali kaɗai ba ya ba da aiki a wannan sana'a. Akwai shirin koyon aiki na wata 6 da ɗalibi ke fita yi kafin ya gama, wanda hukumar ITF mai hedkwata a Jos ta ɓullo da shi tun 1973. Wasu yaran sai su nemi ofis mai fanka su zauna, a sa musu hannu a littafi, su koma makaranta ba su taɓa riƙe kwanon sarki ba. Irin wannan idan ya gama ya je wurin aiki, birkila mai shekara 20 a sana'a zai gane shi tun ranar farko, kuma ba zai ƙara jin maganarsa ba. Yaro, ka nemi wurin da ake zuba dekin, rana ta dake ka, ka koyi karanta fulan, ka koyi awo da igiya da ma'aunin ruwa, ka iya aikin zane da lissafi a kwamfuta, ka girmama tsofaffin birkiloli ka kwashi abin da ke kansu. Bayan hidimar ƙasa kuma ka bi matakan rajista, kada ka tsaya ana kiran ka injiniya a baki kawai.

Aiki kuwa akwai shi. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, ga hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, ga gidaje da shaguna da ake ta ginawa a kowane gari. Ga siminti ana yin sa a ƙasarmu, a Obajana da Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe. Amma ku shiga manyan gine-ginen Abuja ku gani, sau da yawa masu aikin tayil da silin 'yan Togo ne da Binin, manyan masu duba aiki kuma daga nesa aka ɗauko su. Ba laifinsu ba ne, sun iya ne. Mu kuwa kowane uba so yake ɗansa ya zama likita ko lauya, in bai samu ba ya zauna gida yana jiran wata shekara.

Saboda haka ina kira ga iyaye, musamman birkiloli da kafintoci da masu buga bulo, ku tura 'ya'yanku wannan fanni, don ɗan da ya tashi yana ganin sana'ar ya riga saura nisa. In kuɗin makaranta ne matsala, a 2024 gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, a je a bincika sharuɗɗansa. Gwamnatocin jihohinmu kuma su sa sharaɗi a kowace kwangilar gini cewa sai an ɗauki ɗalibai koyon aiki, kuma hukumomin tsara birane su daina ba da izinin bene sai an ga sunan magini mai rajista da zai tsaya a kai.

Ku kuma 'yan'uwana 'yan kasuwa masu tara taro da sisi don gina shago ko ɗora bene, ku tuna araha ba ta ado. Kuɗin da za ka ba masani ya duba maka aiki bai kai kuɗin buhunan da za ka yi asara ba in gini ya tsage, balle a ce rai ya salwanta a ƙarƙashin rufinka.

 

Naku,
Mai sayar da kayan gini,
Sabon Gari, Zariya.