KADA A YI CINIKIN BIRI A SAMA

 Ga wata magana da ta kamata a zauna a kanta a zaure, watau batun yaron da ke nufin zama likitan haƙori, kuma tilas ta sa shi barin jami'ar da ya fara ya nemi wata.

Abin nan ba baƙo ba ne. A shekarar 2022 yaƙi ya koro ɗalibai daga Yukiren, a watan Afrilu na 2023 kuma ya koro waɗanda ke Hartum ta Sudan, inda mutanen Arewa suka daɗe suna kai 'ya'yansu karatun likita. Wasu kuwa tsadar dala ce ta dawo da su. Uba yakan ruɗe a irin wannan hali, duk ƙofar da ya gani a buɗe sai ya tura yaro. To, a nan ɓarna take shiga.

Malamai sun san al'adar neman ilmi. Almajiri in zai tashi daga gaban wani malami zuwa wani, ba ya duban girman zaure, sai ya tambaya: wa ya karantar da shi, wa ya ba shi ijaza? Karatun haƙori ma yana da masu ijaza. A Nijeriya akwai Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, wadda ake kira MDCN. Ita ke duba makaranta ta amince da ita, ita ke yanka mata adadin ɗaliban da za ta ɗauka, ita ce kuma ke ba da lasisin aiki. Yardar Hukumar Jami'o'i ita kaɗai ba ta wadatar ba. Wanda ya yi shekara 6 a inda Majalisar ba ta amince ba, ya fito da takarda, amma doka ba ta yarje masa ya taɓa bakin kowa ba.

An ga misali. A 2022 Majalisar ta ce ba za ta karɓi shaidar karatun likita da aka ƙarasa ta intanet daga Yukiren ba, domin ba a koyon cire haƙori daga nesa. A watan Janairu na 2024 kuma Gwamnati ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Jamhuriyar Benin da Togo. Kuɗin da aka zuba da shekarun da aka ɓata, ba wanda ya mayar wa iyaye.

Saboda haka uba ya yi tambaya uku kafin ya biya ko kwabo. Ta fari, shin Majalisar ta amince da sashen haƙori na wannan jami'a, ba na likita kawai ba? Ta biyu, akwai gurbi cikin adadin da aka yanka mata, har za a rubuta sunan yaro a littafin Majalisar? Ta uku, akwai asibitin koyarwa da kujerun aiki da majinyata? Amsa kuwa a karɓe ta a rubuce, ba daga bakin dillali ba.

Makarantun nan ba su da yawa. Ta fari a ƙasar nan a Ikko aka buɗe ta a 1966, sa'an nan Badun da wasu suka biyo. A Arewa akwai ta Maiduguri da ta Jami'ar Bayero a Kano. Ko Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke nan tun 1962 da asibitinta a Shika, kusanci bai ɗauke mata tambayoyin nan ba.

Wani zai ce, in an matsa sai a mayar da yaro baya, ya yi hasarar shekara. Gaskiya ne, yakan faru, kuma da ciwo ga mai biya. Amma attajiri ya san gara a yi jinkirin kasuwa ɗaya da a ɗauko kayan da ba su sayuwa. Shekara guda ana mayar da ita, shida kuwa da wuya.

Allah ya sa a gane, ya yi wa yara albarka.