Farar Takarda da Kuɗin Jami'a

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai ƙosai a Fagge da sassafe, ya san a cikin abin da za a ƙunshe masa ƙosan. Wani lokaci tsohuwar jarida ce, wani lokaci shafin littafin lissafi, wani lokaci kuwa takardar wani ofis ce da hatiminta da sa hannunta. Ranar nan aka ƙunshe mini nawa a cikin takardar jarrabawar wani ɗalibi, har da jan biron malaminsa a gefe. Na ci ƙosaina, ko da yake masana lafiya ba sa son abinci mai zafi da maiƙo ya haɗu da tawadar ɗab'i, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wannan takarda an sayo ta da kuɗin ƙasashen waje, ta ƙetaro teku, aka yi rubutu a fuskarta ɗaya tak, sa'an nan ta nufi kwata.

Ra'ayina a nan shi ne, lokaci ya yi da jami'o'inmu da sauran manyan makarantu za su riƙa duba asalin kayan ofis ɗin da suke saye, su fifita waɗanda aka sake sarrafawa daga tsofaffi. Kada mai karatu ya ɗauka wannan wani sabon yayi ne na Turawa. A bisa tarihin Sinawa, Cai Lun ya gabatar wa sarkinsu takarda a shekara ta 105 Miladiyya, kuma da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi ya haɗa ta. Haka nan takardar da malaman Kano suka yi ta kwafar littattafai a kanta a ƙarni na 19, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus, da tsummoki aka yi ta. Idan aka ɗaga ta a hasken rana za a ga alamar jinjirin wata guda uku, kuma Baturen nan Heinrich Barth ya ambaci irinta a cikin hajojin Kano lokacin da ya zo a 1851. Ga littattafan nan har yau ana karantawa, alhali jaridar bara ta riga ta yi ja ta soma karyewa.

To, me ya sa haka? Takarda ba wani abu ba ce face siraran zaruruwan tsiro da ake kira selulos, waɗanda aka dama da ruwa, aka shimfiɗa, aka matse, aka busar. Auduga kusan zallan selulos ce. Itace kuwa yana ɗauke da wani sinadari mai suna liginin, wanda ke manne zaruruwan wuri guda, kuma shi ne ke sa takardar jarida ta yi ja idan ta sha rana. Kafin a raba liginin da selulos sai an dafa itacen da magunguna masu ƙarfi, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, kana a faranta shi. Ita kuwa tsohuwar takarda an riga an yi mata wannan wahala. Abin da ya rage shi ne a jiƙa ta ta zama kamar kunu, a tace allurai da ƙusoshin fayil, a zuba wani irin sabulu, a hura iska daga ƙasa. Tawadar sai ta manne wa kumfa ta taso sama a kwashe ta. Shi ya sa aikin bai kai na sabon itace cin wuta da ruwa ba. Sai dai kowane zagaye yana gajarta zaren, don haka bayan kamar sau 5 zuwa 7 ba ya ƙara yin takarda, dole a riƙa surka shi da sabo.

A nan ya kamata in faɗi wata gaskiya, domin na sha jin ɗalibai a wajen muhawara suna cewa takarda ce ke jawo mana gurgusowar hamada. Ba haka ba ne. Ba a yin takarda da itatuwan Kano ko na Jigawa. Gatarin mai itacen girki da mai gawayi ne ke cin waɗannan. Yawancin farar takardar da muke rubutu a kai daga waje take zuwa, daga ƙasashe irin su Indonesiya da Indiya. Gwamnatin Tarayya ta taɓa kafa masana'antun takarda uku: na Jebba wanda ya fara aiki a 1969, da na Oku-Iboku mai yin takardar jarida, da na Iwopin. Dukkansu sun durƙushe, aka sayar da su ga 'yan kasuwa. Saboda haka asararmu ta kusa ita ce ta kuɗin musaya, da hayaƙin da muke shaƙa idan an tara tsofaffin fayiloli a bayan ofis an cinna musu wuta, da magudanan ruwan da ke toshewa da damina.

Bari mu yi ɗan lissafi, wanda kowane ɗalibin aji uku zai iya bi. Falle ɗaya na takardar A4 mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita yana da nauyin giram 5, domin falle 16 ne ke cika murabba'in mita ɗaya. Rim guda falle 500 ne, watau kilo biyu da rabi ke nan. Yanzu mu ƙaddara wata jami'a ta yaye ɗalibai 5,000, kowannensu ya rubuta kundin bincike mai shafi 60, aka ce ya kawo kwafi 4, a buga a fuska ɗaya. Falle 1,200,000 ke nan, rim 2,400, tan 6 cur. Da an yarda a buga gaba da baya, da tan 3 ya tsira ba tare da an sayi wani sabon abu ba. Ban haɗa da takardun jarrabawa da na tarurrukan majalisar malamai ba.

Mai saye da irin wannan yawa shi ne ke juya kasuwa. Je ka kantunan kayan rubutu na Sabon Gari ka nemi takardar da aka sake sarrafawa, da wuya ka samu, kuma ba laifin mai kanti ba ne. Abin da ake tambaya shi yake sarowa, kuma abin da ake tambaya shi ne wadda ta fi fari. Ɗan kwangilar da zai kai wa jami'a kaya shi ma wajensa yake zuwa da takardar oda a hannu, wadda ba ta ce komai ba sai "rim kaza, A4". Tun daga 2007 akwai dokar sayen kayan gwamnati, wadda ta kafa hukumar BPP, kuma a ƙarƙashinta ma'aikatar da za ta yi sayayya ita ce ke bayyana siffar abin da take so kafin a yi takara. Idan manyan makarantun Kano, tun daga Jami'ar Bayero har zuwa ta Wudil da kwalejojin ilmi, suka rubuta a cikin wannan bayani cewa suna son kaso kaza na kayan ya kasance daga tsohuwar takarda, ba na shakka 'yan kasuwar Sabon Gari za su nemo shi. Mutanen da suka sake tayar da kasuwarsu bayan gobarar 2016 ba wannan ne zai gagare su ba.

Na san abin da ma'ajin jami'a zai ce: tsada. Yana da hujja, domin farar takardar rubutu da aka sake sarrafawa, idan daga Turai za a kawo ta, tana iya fin ta yau da kullum kuɗi. Amsata ita ce kada a fara da ita. A fara da abin da ba ya bukatar fari: fayil, ambulan, kwali, bangon littafin amsa jarrabawa, takardar bayi. Irin waɗannan ne masana'antun cikin gida suka fi yi da tsohuwar takarda, kamar yadda ake yin kiret ɗin ƙwai. Wa ya taɓa ƙin karɓar wasiƙa don ambulan ɗinta ruwan ƙasa ce? Takardar shaidar digiri da sauran abin da za a adana shekara da shekaru, waɗannan a bar su a kan mafi ingancin takarda, ba gardama.

Amma fa a yi hattara da tambari. Kibau ukun nan masu bin juna da ake gani a jikin kwali, sau da yawa ma'anarsu ita ce ana iya sake sarrafa abin, ba wai an yi shi da tsohon kaya ba. Wanda za a amince da shi shi ne wanda ya faɗi kashi nawa cikin ɗari, ko yake ɗauke da shaidar wata hukuma sananniya, kamar Blue Angel ta Jamus da aka kafa a 1978, ko FSC da aka kafa a 1993. Mai kula da sito ya kamata ya san wannan kamar yadda ya san ƙidayar katan.

Sauran kayan ofis ba su da wuyar sha'ani. Kurtun garin tawadar firinta ana sake cika shi, kuma akwai masu wannan sana'a a Sabon Gari; biro da alƙalamin farin allo akwai waɗanda ake sauya wa tawada maimakon a yar da robar. Almajiri da ke wanke allonsa ya sake rubutu, da tawadar da aka haɗa da gawayi da ƙaro, ya riga mu sanin wannan.

Abin da ya rage shi ne ɗaya ɓangaren cinikin. Masana'anta ba za ta yi fayil da tsohuwar takarda ba sai ta sami tsohuwar takardar, mai tsabta, wadda ba ta haɗu da leda da ragowar abinci ba. 'Yan gwangwan da ke yawo da kura a Fagge sun fi neman ƙarfe da roba, domin takardar da ta shiga bola ta jiƙe ba ta da daraja. Jami'a kuwa tana da ita tan-tan, a bushe, a wuri guda. Sai a ajiye kwali a kowane ofis don takarda kaɗai, waɗanda ke ɗauke da sirri kamar takardun jarrabawa a yayyanka su da na'ura, a auna, a sayar, a rubuta kuɗin a littafi. Malaman sakandare ma suna iya gwada wannan da ƙungiyar kimiyya ta makarantarsu: a sami sikeli, a tara takardar da aka zubar a zango ɗaya, a auna, a raba nauyin da kilo biyu da rabi, a kai wa shugaban makaranta adadin rim ɗin da ya fito tare da farashinsa na wannan mako a kasuwa.