Maƙalar Neman Aiki da Ƙirƙirarriyar Basira: Ina Iyakar Taimako?

Duk mai leƙa dandalin LinkedIn a 'yan shekarun nan ya ga sauyi. Matasan da suka kammala jami'a ko hidimar ƙasa, waɗanda a da da kyar suke haɗa sakin layi biyu na Turanci, yanzu suna fitar da dogayen maƙaloli kan shugabanci da dabarun kasuwanci, babu tuntuɓen nahawu ko ɗaya. Dalilin sananne ne. Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba, 2022, kuma a 2023 shi kansa LinkedIn, wanda Microsoft ya saya a 2016 kan dala biliyan 26.2, ya fara sanya wa masu amfani da shi kayan rubutu na ƙirƙirarriyar basira. A shekarar ce mambobinsa suka haura biliyan ɗaya.

Ba mu ga aibi ga neman wannan taimako ba. Da yawa daga ɗalibanmu da Hausa suke tunani, da Turanci ake auna su, kuma sau tari mai ilimi yana rasa aiki saboda harshe ya gaza ɗaukar abin da ke kansa. Na'urar da za ta gyara masa jimla ta yi aikin da a da sai an je wurin wani yaya ko malami.

Damuwarmu tana wani waje. Maƙalar da mutum ya wallafa a dandalin ƙwararru shaida ce yake bayarwa a kan kansa. Mai ɗaukar aiki yana karanta ta ne don ya auna abin da marubucin ya sani da abin da hannunsa ya taɓa yi. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani kan haramcin algus da ɓoye aibin haja a ciniki, kuma hajar mai neman aiki ita ce ƙwarewarsa. To, matashin da bai taɓa riƙe ko ajin Islamiyya ba, ya umarci na'ura ta rubuta masa darussan da ya koya daga jagorantar ma'aikata, ya sa sunansa a ƙasa, me ya sayar? Kayan aro ba ya rufe katara, ranar ganawar ɗaukar aiki kuwa tambaya biyu ta isa. Amma ko da asirin bai tonu ba, ya karɓi gurbin wani da shaidar da ba tasa ba, albashin da zai biyo baya kuma abin dubawa ne.

Akwai haɗari na biyu, wanda ya shafi har mai kyakkyawar niyya. Waɗannan manhajoji suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya ne bisa ɗimbin rubutun da aka horar da su a kai. Inda bayani ya yanke musu, sukan cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, cikin murya mai cike da yaƙini. A watan Yunin 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙaga, waɗanda ba a taɓa yin su ba. Idan lauyoyi sun faɗa wannan rami, ɗalibi ya yi hattara da kowace ƙididdiga da kowace maganar da na'ura ta jingina wa wani. Mun fi jaddada wannan ga masu son buɗe maƙala da aya ko hadisi: a koma ga Alƙur'ani da littattafan hadisi ko a tambayi malami, domin manhajar na iya kawo lafazi mai daɗi da lambar da ba ta da asali.

Hanyar da muke ganin ta dace ita ce marubuci ya fara zuba nasa, ko da da Hausa ne, ko da a hargitse. Ɗalibar harhaɗa magunguna da ta ga yadda ake fama da adana allurar rigakafi a ƙaramin asibiti idan wuta ta ɗauke tana da abin faɗa wanda babu na'urar da ta gani. Ta rubuta shi yadda ya faru. Sannan ta miƙa wa manhajar, ta ce ta gyara nahawu, ta rage tsawo, ta nuna inda hujja ta yi rauni, kada ta ƙara wani bayani daga wurinta. Bayan haka ta karanta a bayyane, duk jimlar da ba za ta iya kare ta a gaban masu tambaya ba ta goge. Iyaye ma suna da gwaji mai sauƙi: a ce wa yaro ya bayyana maƙalarsa da Hausa a tsakar gida.

Sai batun sirrin wurin aiki. A watan Mayun 2023 Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin kamfani, bayan wasu injiniyoyi sun loda bayanan cikin gida a ChatGPT. Ma'aikacin banki ko asibiti da ya kwafi sunan abokin hulɗa ko mara lafiya don a ƙawata masa misali ya fitar da amana daga hannunsa.

Shin wajibi ne a sanar da mai karatu cewa na'ura ta taimaka? A ganinmu gyaran nahawu bai buƙatar sanarwa, kamar yadda ba a sanar da an duba ƙamus. Idan kuwa na'urar ce ta tsara ginin maƙalar ko ta kawo wasu daga hujjojinta, a faɗi haka a layi ɗaya a ƙarshen rubutun.